Rumbun da na gina a sama

Jama'a, ranar Lahadi ina tsakar awon hatsi a kasuwar Filinge, sai ga ɗiyata Lailatu fuska a ɗaure. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, banki ta sake cire jaka goma sha biyu daga katin mai gidana. Wata na ukku ke nan. Shi ya ce kar in hwaɗa maka."

Mudu ya kusa suɓuce mini.

Ga yadda aka yi. Bayan kaka, waɗansu masu girma, Allah shi ƙara musu sanyin mota, suka zo daga Yamai da furoje, wato shirin zamanantar da manomi. Suka ce kowace ƙungiya ta buɗe ordinatar, wato kwamfuta, a sama, wadda ba a gani ba a taɓawa, ana shigarta ta waya a ajiye farashin hatsi. Kyauta, shekara guda! Sai dai a sa lambar katin banki, wai don shaida kawai. Ni ne shugaban ƙungiyarmu, kuma katin da na mallaka duk duniya shi ne na zaɓe. Na cije na ari na surukina Mushe Lawali, wato Malam Lawali na lakkal, makarantar boko.

Jagoransu, Mai Girma Sarkin Kwat, ya ce a ɗauki ƙaramar na'ura, na ɗauka. Daga nan ya tafi cin kaji. Waya ta tambaye ni girman rumbun ajiya. To fisabilillahi, wane Bakurfe, ɗan ƙasarmu ta Kurfai, za a ce ma ga rumbu kyauta ya zaɓi ɗan ƙarami? Na danna har lamba ta daina motsi. Abin da na zuba ciki layi tara ne na farashin hatsi.

Da na koma gida daga kasuwa, na leƙa wajen maƙwabcina Maikano, wanda ya yi gadi a Yamai, shi ya sa yake ganin ya san komi.

Da na ba shi labari ya ce, "Ka tsayar da na'urar?"

"Tun watan jiya."

"Ka goge rumbun?"

"In rushe rumbun mutane? Aro fa aka ba ni!"

Ya yi dariya har da tari. "Tsoho, ƙarami na kyauta, babba haya kake biya, ko da hatsi ko babu. Akwai ma wurin da ake sa ta yi ma gargaɗi in kuɗi sun fara fita. Ba su nuna muku ba?"

Sun nuna mana inda ake sa hannu a takardar halarta.

Na kira lambar masu girma, ta ce ba ta aiki. Na yi bisimilla na rushe rumbun da yatsa ɗaya, ko ƙura bai yi ba. Washegari na ɗora damma shidda na hatsi a amalanke na kai gidan Lawali da kaina. Da ya hango ni sai ya tsallake danga don kunya, ni kuma na tsaya ƙofa ina gaida awaki. Kaf ƙasar Kurfai ban taɓa jin uban mata ya kai ma suruki gaisuwar hatsi ba, sai ni.

Jiya kuma takarda ta iso: an zaɓe ni manomin zamani na shekara, masu girma na tafe ɗaukar hoto, in tabbatar na'ura na kunne. Na aika musu cewa a shirye nike. Cikinsu wani shi taho da katinshi, don shaida kawai.