Ƙafar Tela a Ɗakin Hoto

"Lafiya lau, tsohon mijina. Ya hannun? Ya fara aiki, ko har yanzu ado ne?"

Kaka bai kula jikar tasa ba. Tun da almakashi ya yanke masa jijiyar yatsa aka yi masa aiki, wannan ranar yake fargaba. Na'urar sikanin za ta auna ko jijiyar tana zamewa. In ta manne sai an sake yanka, ɗansa kuma ya rantse zai sayar da keken ɗinkin. Maganar keken ce ke cin ransa, ba wuƙar likita ba.

Ma'aikaciyar asibitin ta shafa masa mai mai sanyi, ta ɗora na'urar, ta ce ya lanƙwasa yatsa. Awon farko ya nuna jijiyar na tafiya, na biyu ya nuna ta tsaya cak. Ta ɓata fuska, ta ce hoton rawa yake yi.

Kaka ya harari jikar. "Abin duba masu ciki kika kawo ni? Na yi miki kama da mai juna biyu?"

"Da wannan tumbin? 'Yan biyu ne ma."

"Mara kunya. Injin da ke canja magana irinki ne zai raba ni da kekena? Ko da haƙori sai na yi ɗinki."

"Wanne daga cikin biyun da suka rage?"

"Na sake ki."

"Jiya ma ka sake ni, da yamma ka zo biko saboda shayi."

Tana cikin dariya ta kalli ƙasa. Ƙafar Kaka na ta taka ƙarfen teburin, sama da ƙasa, teburin na girgiza. Tela ne tun kafin a haifi ubanta, yatsunsa ba su san motsi ba sai ƙafa na taka keke. Ta sa takalmi ta danne masa ita.

"A sake awo, malama. Na kama mai laifin."

Hoton ya tsaya. Aka auna, aka sake aunawa, magana ɗaya: jijiyar na zamewa, a hankali dai, amma tana zamewa. Babu sake yanka.

Kaka ya daɗe yana kallon farin zaren jijiyarsa da ke motsi a allon na'urar. Idonsa ya ciko, ya ce man ne ya shigar masa ido.

"Injin nan maƙaryaci ne, yau dai ya tuba," in ji shi, dariya na ƙwace masa. "Rigar farko taki ce. Amma ɗaga mini ƙafata, da ita zan ɗinka."