Kwaɗo Kafin Ƙyaure

"Lahiya lau, amarya. Ya gajiyar kasuwa? An ce yau kin girgiza Sabon Birni."

"Gajiya ta bi lahiya, angon da ba cehwane. Shigo, kar ka tsaya mani bakin ƙohwa awa jakin da aka mance."

Ƙofa fa, in ji ta! Buhun taki ne aka farke aka rataya. Nasiruddeen ke nan, ɗan kabu-kabu, da kakarsa Inna Habi. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu can bayan Unguwar Lalle, kango ɗaya muke zaune, ni Sadiya da 'ya'yana a ɗaki guda, ita a ɗayan. Kwanan baya Nasiru ya saci jiki ya leƙa ƙauyen, ya tarar an ƙone rufin ɗakinta, ƙyauren ma an ɓalle an tafi da shi. Ya roƙe mu kar mu faɗa mata, don begen komawa gida kaɗai ke tashinta da safe. Muka ja bakinmu. Sai ga shi yau tsohuwa ta kwashi geron da aka raba mana, na tuwon sati, ta kai kasuwa ta dawo da kwaɗo. Kwaɗo, jama'a! Raina ya ɓaci, ni na kira shi a waya.

"Hiddo mu gani," in ji Nasiru. "An ce kin sawo muna abin ci."

"In haƙoranka na iyawa, bisimilla." Ta kwance bakin zane ta ɗora masa kwaɗon a tafi.

"Iye! Mai ruwan zinari, har da hoton zaki. Zakin ga ma yunwa shika ji, dubi haƙarƙari. Bari in hwaɗa maki yadda aka yi. Mai kwaɗon, Hajiya yak kira ki."

"Hajiya uwar gida."

"Ke da iyakar Makkarki Shinkahi! Sannan yac ce kayan Faransa na, ta Maraɗi yab biyo."

"Ta Maraɗin."

"Kuma ɗaya ɗai yar rage."

"Ɗaya tal."

"Ga buhu cike ƙarƙashin tebur! Sai yas sa maki shi cikin hannu, wai ji nauyi. Ya san abin da hannu yar riƙa, zuciya ba ta son ajewa. Haba amarya, kwaɗayi mabuɗin wahala. An yi maki wankin ido da rana tsaka."

"Ji wa ka magana! Kai da kas sayi turare don an zana mace ga kwalba, har yau ba wadda tab biyo ka sai ƙuda."

"Ƙudan ma zaɓe sukai."

"Babur ɗinka hwa? Fitilu ja da kore awa motar amare, oda na kuka awa jinjiri. Wa yah hure ma kunne? Baƙin gilashin ga da kaka yawo da shi ko da magariba, don ka ga ɗan ƙwallo da shi na. Laihi tudu na, ka taka naka ka hango na wani."

"Ni ban kwana da yunwa don gilashi ba."

"Ka kwana ba mata."

"Ina da ke, mi za ni yi da wata? Ko da shike sakin ki za ni yi yau. Macen da ka sai da tuwon gida ta sawo ƙarhe, alƙali ma ba shi tsayawa sauraro."

"Sake ni in huta. Maneman da ka layi sun hi ka tsawo da kunya."

Na yi zaton nan za su tsaya kamar kullum. Amma yunwa ba ta san wasa ba, muryar Nasiru ta canza, ya bar cewa amarya.

"Inna, tuwon sati na. Mi za ki ci har a sake rabo? Kuma kwaɗon ga, ga wane ƙyaure za ki sa shi?"

Na harare shi, na yi masa alama da ido ya rufe baki. Ina! Magana ta riga ta fita.

"Kore," in ji Inna Habi. "Mai hannun fedar keke."

Duk ƙauyenmu ba wanda bai san wannan ƙyauren ba. Mijinta marigayi ne ya buga shi da ƙarfen ganga, ya rasa hannun ƙofa ya liƙa masa fedar tsohon kekensa.

"Inna, wanga ƙyaure..."

"Shina rumhwar mai kwaɗo, jingine cikin tsohhin ƙohohi na sayarwa. Ka ga angona maƙaryaci, wanda yac ce mani gida na nan lahiya ko tsinke ba a taɓa ba."

Nasiru ya nemi wuri ya zauna kan turmi.

"Ban ce komi ba," ta ci gaba. "Hannu ɗai nik kai ga fedar, awa yadda nis saba. Shi ko ɗan banza ido gare shi awa shaho. Nan take yac ce, Hajiya, wani mutumin garin Isa ya riga ya taya, amma in kin ɗauki kwaɗo na san da gaske kike, in aje maki har kasuwa mai zuwa."

"Babu wani mutumin Isa, Inna!"

"Na sani. Kowa yas sayi rariya ya san ta zubda ruwa. To in akwai hwa?"

"Mi yah hana ki ce naki na?"

"In ce ma wa? Shi ce saye yay yi, wanda yas sayar mashi ma saye yay yi. In na buɗe baki, ko shi ɓoye shi ko shi ninka mashi kuɗi. Sun ƙwace da bindiga, yanzu sai mu hwanso da ladabi."

Wallahi ban taɓa jin ɗacin magana irin wannan ba. Nasiru ya daɗe yana juya kwaɗon, sannan ya yi wata dariya wadda gara kuka da ita.

"Kin kada ni, amarya. Na hwasa sakin. Mata na kai gara gidan miji, tawa ta sa ni sayen ƙyauren gidanmu da kuɗina." Ya fita ya kwanto ƙullin garin dawa daga bayan babur ya aje gabanta. "Ga na yau. Fitilun nan da odar, gobe in cire su in sayar. Ranar kasuwa ni za ni."

Ta zare makulli ɗaya ta miƙa masa, ta ɗaure ɗayan a bakin zane.

"To ji nan, tunda wayo bai ishe ka ba. In ka tahi, sa baƙin gilashinka, kar shi ga idonka. Kar ka taɓa fedar. Ka kushe shi. Ka ce tsatsa ta cinye shi, ka ce wanda yab buga shi bai iya aiki ba."

"Kakan nawa?"

"Shi. Ai abokin wasanka na. Da shina raye ma hakanan za ka ce mashi, ba shi jin haushi."

Nasiru ya sa gilashin tun a nan, cikin ɗaki. Ni dai na ɗauki garin na je na ɗora ruwan tuwo.