Yadda Za Ka Mulki Afirka ta Kudu Bayan Lesotho Ta Haɗiye Ta

Bi matakan nan, in ba ka ga aiki da cikawa ba ka zo garin Maputsoe, nan Lesotho, ka kama ni. Daga bakin Ntate (wato Baba) Molefi na kwaso su, gwanin dara, wanda ya soma tsara mulkin maƙwabta tun ranar da matarsa Mamosa ta gaji da rufin ɗaki mai yoyo, ta yi yaji, ta haye kogin Mohokare zuwa gidan uwarta a Ficksburg, cikin Afirka ta Kudu. Kewarta na cin ransa, amma biko? Ina, girman kai ya hana.

1. Kada girmansu ya razana ka

Wai sun kewaye mu ta ko'ina. To sai me? Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

2. Raba barguna

Kowane ɗan ƙasa sai ya yafa bargon ulu irin namu, har mutanen Durban da gumi ke yi wa wanka. Wanda ya suma a yi masa fifita, amma kada a cire bargon. Mutunci ne.

3. Mai da fadar mulki kan tsauni

Ministan da ya kasa hawa doki zuwa ofis, a ba shi tumaki ya yi kiwo.

4. Soke kan iyaka

Nan fa Molefi ya fi ba wa ƙarfi. "In babu iyaka," ya ce wa abokin dararsa Tefo, "Mamosa ba ta je ko'ina ba ke nan. Tana gida, ɗakin ne ya yi nisa."

"Ntate," in ji Tefo, "nisan ɗakin ne ya sa kake cin tuwon masara mai gudaji?"

Irin su Tefo kada ka ba su muƙami.

5. Lallaɓa suruka da doka

Ka shelanta cewa duk mai yaji ta koma ɗakinta. Tefo, uban gulma, ya kai wa tsohuwa, uwar Mamosa, labarin dokar, ya dawo da amsa: "Gaya wa mai girma ya haɗiye har teku. 'Yata tana nan sai ya zo da tunkiya, ya cire hula, ya zauna ƙasa ya faɗi laifinsa."

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da zai biyo baya, ni faɗa na yi. Shi kansa Molefi mai shirin, jiya da hantsi na gan shi a kan gadar Mohokare, janye da tunkiya, yana bin layin shiga ƙasar da ya ci da yaƙi. Hular ma tun daga wannan tsallaken ya cire ta.