Nomau da Mota Mai Tambayar Mutum Nawa

A Kukar Baushe akwai wani gida mai ɗaki uku da rumbu ɗaya, mutum uku ne a cikinsa: Inna Lanti, da babban ɗanta Barau, da autanta Nomau. Nomau ya haura shekara talatin, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai kansa ba ya ɗaukar magana biyu a lokaci guda. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai kama da wuta. Ita kuwa Inna ciwon ƙoda ya cinye ta, duk Talata sai an kai ta asibitin birni an yi mata wankin ƙoda. In ta tsallake Talata ɗaya, jikinta ya kumbura.

Abin da ke kai ta wata mota ce marar direba da ƙungiyar manoma ta kawo garin. In ka tsaya gabanta sai ta tambaya, "Mutum nawa ne?" Ka ce ɗaya, ta tsuke kamar keke mai ƙafa uku. Ka ce goma, ta miƙe ta fito da kujeru goma. In da marar lafiya, ta shimfiɗa masa gado. Kaya da dabbobi kuma suna da akurkinsu a baya. Mutanen gari kunyar magana da ƙarfe suke ji, shi ya sa dagaci ya ɗora wa Nomau aikin ba ta amsa, tunda shi ko da turmi hira yake yi.

Wata rana dagaci ya ce masa ya riƙa ƙirga duk mai rai da zai shiga. Sai ga wata mata, Tabawa, da kwandon kaji za ta kasuwa. Nomau ya durƙusa ya ƙirga su tsaf, ya ce wa mota sha huɗu. Mota ta yi ta miƙewa a ɗan lungun da take tsaye har ta ture katangar liman, aka ga awakinsa sun fantsama titi. Tabawa dai ta tafi ita kaɗai cikin kujeru sha huɗu, tana ta salati. An yi dariya ranar, kuma ita ce dariya ta ƙarshe da aka yi a kan motar.

Wata rana, bayan an gyara masa cewa 'yan Adam kaɗai ake ƙirgawa, kuma kada mota ta tashi sai duk wanda ya ce zai je ya shiga, Talata ta zagayo. Mutum biyar suka ce za su, har da wani mahauci, Jatau. Ashe Jatau ya sami mai babur tun da sassafe ya wuce abinsa. Nomau ya ce wa mota biyar, ya tsaya a bakin ƙofa ya kafe. Fasinja suka yi lallashi, suka yi zagi, suka gaji suka watse. Barau yana gona bai sani ba. Inna na kwance a ciki tana kallon ɗanta, ta san ba zai gane ba, kuma tausayinsa take ji fiye da na kanta. Har la'asar suna nan, wankin ranar ya wuce ta. A satin nan ƙafafunta suka yi suntum, numfashi ya fara yi mata wuya.

Barau ya shaƙe Nomau a tsakar gida, ya ce daga yau wanda idonsa ya gani a wurin kawai zai ƙirga.

Wata rana, wato Talatar da ta biyo, maƙwabta suka fito rakiyar Inna saboda jikin ya tsananta. Idon Nomau ya gan su duka, ya ce ashirin da biyu. Mota ta zama doguwa, ta kasa shan kwanar ƙaramar gadar bakin gari, dole ta zagaya ta doguwar hanya. Suka isa a makare, likita ya duba Inna ya ba ta gado. Kwana biyu Nomau yana zaune a ƙasa gefenta yana yi mata fifita. Ran Alhamis da hantsi ta cika. Ya tambayi yayansa ko shi ne ya jawo, Barau ya kau da kai bai amsa ba. Wannan shirun ya fi shaƙar zafi a wurin Nomau.

Suka fito da ita wurin motar a naɗe cikin zanenta. Wani ma'aikacin asibiti ya rage murya ya gaya wa Barau cewa motar ba ta san gawa ba, abin da ta sani fasinja ne ko kaya, don haka a ce mata biyu da kaya mai tsawo. Barau ya leƙa akurkin baya, ga ɓawon albasa ga kashin awaki, hawaye ya zubo masa, amma ya gyaɗa kai don bai ga wata dabara ba.

Mota ta tambaya, "Mutum nawa ne?"

Kafin Barau ya buɗe baki, Nomau ya ce, "Uku. Ɗaya ba ta da lafiya."

"Nomau, Inna ta rasu," in ji Barau a hankali.

"Yaya, kai ka ce wanda idona ya gani. Ga ta nan ina ganin ta."

Mota ta rufe akurkin baya, ta naɗe kujerun tsakiya, ta shimfiɗa gado, ta sauke labulen tagogi. Suka kwantar da Inna a kai, Nomau ya zauna wajen kanta, Barau ya zauna wajen ƙafafu ya riƙe su yana kuka kamar ƙaramin yaro. Haka ta shiga Kukar Baushe a kwance kan gado tsakanin 'ya'yanta, jama'a na tsaye a ƙofar gida. Ranar ba wanda ya gyara wa Nomau ƙirgensa.