Miyar da Ta Raba Ni da Dauda

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da ta biyo bayan Babbar Sallah ba, a shekarata ta farko ta koyarwa a Kaura Namoda. Ni Kirista ne, baƙo, kuma tuzuru, daga ni sai rediyo a ɗaki. Abokina ɗaya tak, Dauda, ma'aikacin asibiti a Zurmi. Duk Lahadi yakan zo coci a kan babur, in an tashi mu wuce ɗakina mu ci tuwo. Wannan tuwon nake jira tun daga Litinin.

Abu ɗaya ya haɗa mu gardama: naman layya. Ni ina ci har da tanɗe yatsa. Dauda yakan karɓa da godiya in maƙwabta sun kawo masa, amma sai ya ba wasu. Cewa yake, "Ban ce laifi ba ne, ɗan'uwa. Zuciyata ce ba ta kwanta ba." Ni kuwa (gwanin ayoyi, a ganina) sai in buɗe wasiƙar Bulus ga Romawa, sura goma sha huɗu, in yi ta zuba masa wa'azi har tuwo ya huce.

Ranar Sallah mai gidan da nake haya, wani dattijon kirki, ya kawo mini cinyar rago da kansa. Ya ce, "Malam, amshi. Maƙwabci ba shi rasa rabo nai." Nan take wata dabarar banza ta faɗo mini. Ranar Lahadi na yi miyar kuɓewa da naman, na kuma gayyato Mama Saratu, wata tsohuwa a cocinmu, don nasarata ta sami shaida.

Dauda ya yi addu'a, ya ci, har da ƙari. Sai da ya kusa sauke hannu na gyara zama na ce, "To, ka mutu? Naman layya ka ci!" Na ƙyalƙyale da dariya. Ni kaɗai na yi ta.

Ya wanke hannu, ya ce, "Na gode da abinci," ya tada babur. Mama Saratu ta dube ni ta ce, "Ɗana, surar da kake ta karanta masa, ka taɓa kaiwa ƙarshenta?" Ta sa na karanta da baki. Ashe can ƙasa an gargaɗi irina, masu ganin komai ya halatta, kada mu sa ɗan'uwa tuntuɓe saboda abinci. Haka na kai aya ta ƙarshe. Da ƙasa za ta tsage, da na shige har da tukunyar.

Na nemi gafara, ya ce ya yafe, kuma na yarda. Muna gaisawa a coci. Amma ana tashi sai ya ce hanyar Zurmi ba ta son yamma. Bayan wata uku aka yi masa canjin aiki zuwa Shinkafi, ya daina zuwa. Na yi kewarsa ƙwarai, ba kuma wanda zan gaya wa.

Ragowar naman na soya na zuba a gwangwani, ya kai ni mako biyu. Abin da na koya ke nan: gaskiyar da ka ɗura wa mutum a cikin miya, kai kaɗai za ka cinye sauran.