Sunan da Atikatu Ba Ta Faɗa

"Ina kwana, amarya? Yau ban ga kwalli ba, ko an daina yi mini ado ne?"

"Lafiya lau, maigida. Ajiye jakar nan ka tsuguna, tsayuwarka tana tare mini rana."

Atikatu na zaune a ƙofar ɗakinta a zangon Salaga, ko karyawa ba ta yi ba. Jikanta ne ya shigo da jaka a kafaɗa, zai kama motar Yendi. Sana'arsa haɗa kiɗan waƙoƙin fim, kuma yau da azahar za a rufe aikinsa na farko a tura wa masu fim ɗin a Bawku. Sunansa Sualihu, sunan kakansa marigayi, mijin Atikatu. Shi ya sa ba mai kiransa da shi a gidan. Iyayensa Baba Ƙarami suke cewa, ita kuwa maigida. Shekara hamsin da ɗoriya sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a gaban likita.

Abin da ya tsaya mata a rai waya ce daga Bawku. Ƙanwarta Zenabu ta kira da sassafe ta ce tallar fim ɗin ta fara yawo, kuma kafin kiɗa ya tashi wata yarinya ce ke lanƙwasa murya tana kiran Sualihu Salaga. Da wannan sunan kuwa aka san marigayi a fataucin goro. Har tsofaffin kasuwa sun tare Zenabu suna tambaya ko Alhaji kiɗa ya koma yi a lahira.

"An ce ka kai kayan mutane kasuwa," in ji Atikatu.

"Wane kaya? Ni ko doya ban taɓa ɗauka a gidan nan ba sai wadda kika dafa, ita ma don tausayinki nake ci."

"Sunan."

"Wane suna?"

"Ka san shi."

"Sunaye da yawa a duniya, amarya. Faɗi in ji."

"Bakinka ya karkace. Sunan mutumin."

"Wane mutum? Ni kaɗai ne namijin ɗakin nan. Ko akwai wani da kika ɓoye mini?"

"Kai namiji? Ranar da ɓera ya faɗo daga rufi, wa ya hau kan turmi?"

"Dabarar yaƙi ce. Daga sama ake hango abokin gaba."

Da wata rana ce da ta yi dariya. Yau hannunta kawai take murzawa a gwiwa. Ta san in fim ɗin ya fita a Bawku, kwana uku ya yi yawa ya sauko Salaga. Kowane mai keken haya zai kunna shi, kowane gidan biki zai jingina lasifika a bango, ita kuma tana zaune a nan sunan zai riƙa tsallako katanga yana samun ta.

"Kaka, haka sana'ar take," ya ce. "Kowane mai kiɗa da laƙabinsa a bakin waƙa. Akwai Mikaila Gushegu, akwai Amidu Ba Hutu, akwai Zainudeen Yatsa Goma. Wanda ba a kira shi ba, a yi rawa a watse ba a san wa ya sha wahala ba."

"Yatsa Goma. Sauran mutane tara gare su?"

"Yana nufin ya iya."

"To kai da ba ka iya ba, sai ka ari na wanda ya iya? Shekara arba'in yana bin hanyar Bawku, ba wanda ya taɓa kiransa bai sa Alhaji a gaba ba. Yanzu yarinya mai muryar 'yar akuya za ta riƙa jan sa kamar roba, 'yan mata na kaɗa kafaɗa."

"Ai ni take kira."

"Kai wa ya san ka? Kajin gidan nan ma sai ka riƙo tsaba suke gane ka."

"A Yendi in na sauka, masu babur faɗa suke a kaina."

"Sun ga mara nauyi ne, ba ka shan mai."

Sualihu ya yi dariya ya miƙa hannu zai ɗauki jaka. Atikatu ta ɗora ƙafa a kan igiyarta. Muryarta ta sauka, ba ta dube shi ba.

"Ni zan riga ka zuwa inda yake. In ya tambaye ni ina zaune aka yi haka, me zan ce?"

Ya tsaya. Ya duba agogon waya, ya dubi ƙafar da ke kan jakarsa, sannan ya kira Razak, mai ɗakin haɗa kiɗa a Yendi, ya buɗe murya don ta ji. Razak ya ce cirewa ba wuya, har a tallar ma zai iya canzawa. Amma ba a barin bakin waƙa babu kira, kuma yarinyar da ta yi muryar ta tafi bikin suna a Kpandai. In ba a turo masa muryar mace da sabon laƙabi kafin azahar ba, yadda aikin yake haka zai tura shi.

Sualihu ya kashe wayar yana kallon kakarsa.

"Me kake kallo? Ban ci naka ba."

"Muryar mace aka ce. Ke ma, in an duba da kyau, mace ce."

"Ni? A fim? Da haƙorana huɗu?"

"Ba a ganin haƙori a waƙa. Ga waya, na danna. Ce: Sarkin Kiɗan Salaga."

"Wa ya naɗa ka? Ba na ƙarya da safe."

"To ce: Zakin Zango."

"Zakin da uwarsa ke cire masa ƙayar kifi."

"Kaka, rana tana yi. Ce: Tauraron Arewa."

"Wannan baƙin? Ai sai a nemo fitila a neme ka."

Ya share zufa. Ita ma ta ɗaga kai ta ga inuwar katanga ta fara janyewa. In ta ci gaba da ja, azahar za ta yi, Razak ya tura aiki da sunan a ciki. Ta buɗe baki da niyyar ta ce zakin nan a wuce wurin. Sai ta gan shi tsugune ya miƙo waya, ya zuro dogon wuya yana jira, maƙogwaro na hawa da sauka. Zakin ya ƙi fitowa.

"Kai, Wuyan Zabo, tashi ka ba mutane kiɗa su huta."

Sualihu ya kunna abin da wayar ta ɗauka. Muryar tsohuwa ta fito tsaf, da kaifinta. Ya saurara har sau biyu yana kaɗa ƙafa ba da saninsa ba.

"Ya hau kan kiɗan," ya ce a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwa. "Wallahi ya hau. Sake wani, Kaka, don Allah."

"Na rufe kanti."

"Kin san laƙabi ba ya fita? In wannan ya shiga Bawku, shi ke nan. Har 'ya'yana za a riƙa cewa 'ya'yan Wuyan Zabo."

"Naka ne dai. Ba wanda zai ce ka ara."

Ya daɗe da yatsa a kan wayar, sannan ya danna. Ba a jima ba saƙon Razak ya shigo, rabinsa dariya ce. Ya ce ya cire tsohon, ya ɗora wannan, kuma a gai da Hajiya, in tana da lokaci akwai wasu masu kiɗa biyu da ba su da laƙabi.

"An cire?" ta tambaya. "Duka? Har na tallar?"

"An cire. Kin kashe ni, amarya, kin huta." Ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hannu a wuya.

Atikatu ta sauke ƙafa daga kan jakar, ta jawo kwano daga bayan ƙofa, ta ciro dafaffen ƙwan zabi guda biyu ta cusa masa a aljihu.

"Ungo guzuri. Na danginka ne, ka ci a ɓoye."