Na Kai Abbu Shan Iska a Gindin Na'ura

Jiya da safe gwamnati ta yi mini wanka. Ban roƙa ba, ban san kowa a ofis ba, amma sai ga ruwa tun daga hula har takalmi. Ina kan babur, mahaifina yana bayana rungume da kujerarsa ta roba, motar feshi ta juyo da bakinta ta wanke mu tas. Tun da nake, wannan ne karon farko da aikin hukuma ya same ni kai tsaye ba tare da na bi layi ba, don haka ba zan yi butulci ba. Na gode.

Na san za ku ce me ya kai dattijo mai ciwon asma bakin titi da kujera. Bari in ba ku labari.

Kun san halin garin nan da zarar sanyi ya shigo. Hayaƙin motoci da na masu gasa bulo da na karan shinkafar da ake ƙonawa a gonaki sai su haɗa kai su zauna mana a ka kamar murfin tukunya. Bana abin ya kama Abbu, mahaifin nawa, da gaske. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana taka keken ɗinki bai taɓa cewa ya gaji ba, yanzu daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ya tsaya ya dafa bango. Na kai shi asibiti, likita ta saurari ƙirjinsa ta ce, "Ku kai shi inda iska take da kyau."

"Ina ke nan, Dakta Sahiba?"

"Kan duwatsun arewa, ya yi wata biyu."

Ta dube ni, ta dubi takalmina, sai ta sunkuya ta rubuta mana maganin shaƙa.

Matata Rukhsana ce ta samo mafita, don ita ba ta wasa da labaran yamma. Kullum ana karanto lambar dattin iska unguwa-unguwa, ko'ina jan launi, amma shataletalen Motia shi kaɗai yana zaune lafiya. Ta ce, "Ka ji? Ga duwatsun arewa nan a bayan tashar bas. Ka kai shi can mana, tunda kuɗin mai kawai za ka kashe." Ni ban cika yarda da lambar hukuma ba, amma na fi tsoron Rukhsana.

Da muka je, wallahi na sha mamaki. Na'urar auna iskar tana can bisa wani dogon ƙarfe, an kewaye ta da tukwanen furanni. An hana manyan motoci bi ta wurin. Masu shara biyu suna ta kaiwa da komowa, ga motar feshi tana zagaya ta tana watsa ruwa sama, ƙura da hayaƙi suna kwanciya. Ita kanta motar baƙin hayaƙi take tusawa, amma wani mai basira ya ƙara wa salansarta dogon bututu, ya karkatar da shi wajen gidajen mutane. A ce ƙasar nan ba ta da injiniyoyi? Ƙarya ne.

Na tare direban, wani mai faɗin gashin baki da ake kira Shafqat.

"Bhai, ɗan'uwana, yaushe za ka leƙo unguwarmu? Mu ma muna shaƙa."

"Kuna da na'ura?"

"A'a."

"To wa zan fesa wa?" Ya gyara zama. "Ni aikina daga waccan fitila ne zuwa wannan fitila. Ran da na wuce da taku goma, sai da aka kira ni ofis."

Na ajiye wa Abbu kujerarsa a gindin ƙarfen. Ku yi mini dariya in kuna so, amma abin ya yi aiki. Ya ja numfashi ya sauke ba tare da wannan shessheƙar da ke tsinka mini zuciya ba, har gyangyaɗi ya yi. Da muka koma gida ya ci roti biyu, gurasar nan tamu, ya kuma yi wa Rukhsana faɗa a kan gishirin miyar wake, abin da ya nuna mana lafiya ta fara samuwa.

Matsalarmu a ƙasar nan ita ce bakinmu ba ya riƙe alheri. Abbu ya gaya wa abokinsa Rehmat a masallaci, Rehmat ya gaya wa surukarsa, kafin mako ya zagayo gindin na'ura ya cika da tsofaffi, kowa da kujerarsa da bargonsa da irin nasa tarin. Inda tsofaffi suka taru kuwa dole mai shayi ya biyo, sai ga Mushtaq da murhun gawayinsa. Bayansa mai suyar pakora, ƙosan nan namu, ya kafa kasko. Ana ta musu a kan wasan kurket da tsadar albasa, Abbu yana tsakiya kamar shi ya gina shataletalen.

Sai lamba ta tashi.

Jama'a, na zauna a garin nan na ga asibiti ya cika da yara masu tari ba wanda ya motsa. Amma washegarin ran da lambar Motia ta yi ja a talabijin, gari bai gama wayewa ba hukuma ta farka. Jiya ke nan. Mai Girma mai mulkinmu, Uban Numfashinmu, Garkuwan Huhun Talakawa, ya taso da kansa ya zo duba marar lafiya, wato na'urar. Motocin rakiyarsa sun cika titi, ba wadda aka kashe injinta, saboda na'urar tace iskar da ke ciki ba ta aiki sai mota tana kunne. Aka tayar da janareta don lasifika. Ya fito da takunkumi mai fanka a gefe, irin wanda ni sai a hoto nake gani, ya yi jawabi a kan sadaukarwa. Ban ji duka ba, saboda takunkumin.

Kafin ya gama, wani ƙaramin sahib, jami'in hukuma mai sheƙin takalmi, ya nufo mu.

"Baba ji, ku tashi daga nan. Kuna ɓata mana lamba."

Abbu ya ce, "Sahib, numfashi kawai muke yi."

"Ku je gida ku yi."

"A gida babu, ɗana. Duk kun tattaro ta nan."

Rehmat ya tsoma baki: "To ku ba mu awa ɗaya da safe, mu shaƙa mu tafi. Za mu rage mata, ba za mu shanye ba."

Ƙaramin sahib bai yi dariya ba, ba a ba shi izini ba. Ya ɗaga wa Shafqat hannu. Ni kuma na riga na ɗora Abbu a babur ina ƙoƙarin tayarwa, sai ruwa ya sauko. Ina jin Shafqat ta taga yana cewa, "Ka yafe ni, bhai, an ce in wanke wurin!"

Yau na bi ta can. An zagaye na'urar da shingen ƙarfe, an sa mata ɗan sanda mai gadi, shi ma yana tari. Da yamma aka karanto lambar Motia ta sauko, Mai Girma ya taya al'umma murna, ya ce matakan da aka ɗauka sun fara haifar da ɗa mai ido. Ina yaba masa. Ban taɓa ganin majinyacin da ya warke da sauri haka ba.

Abbu kuwa yana kwance, mura ta hau kan asma. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Ina rubutun nan ina jin numfashinsa ta bango, kowane ɗaya sai ya yi kokawa kafin ya fito. Ɗazu ya kira ni ya riƙe mini hannu.

"Kai da kake rubutu a jarida, ka roƙar mini su. Su ciro na'urar nan su kafa ta a kan rufinmu. Ba na son albashi. Ni zan riƙa goge ta kullum, in ta ji sanyi in lulluɓa mata bargona."

To, Ranka ya daɗe, ga saƙon tsoho na isar. Rufinmu yana da ƙarfi, lungunmu kuma motar Shafqat za ta iya shiga in aka matsar da akuyar maƙwabta. In kuma hakan ba za ta yiwu ba, kada hankalinka ya tashi. Na riga na ja wa Abbu kunne ya riƙa yin tarinsa a hankali, kada na'urar ta jiyo daga nesa jikinta ya tashi.